Kafin ka sa hannu, ka ce a nuna maka

A Mubi, garin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, ɗalibi kan biya kuɗin zama a shagon intanet domin cike fom ɗin wata hukumar tarayya. Idan shafin ya ƙi buɗewa, kuɗinsa sun tafi, wa'adi kuma ba ya jiran kowa. Mu a Abuja mukan ce matsalar sabis ce. Wani lokaci kuwa matsalar ta faro ne daga teburinmu, ranar da aka sa hannu kan takardar kammala aiki ba tare da an duba ba.

Kowane shafin intanet yana zaune ne a kan kwamfutar da ake kira uwar garke, wadda ke ɗauke da manhajar da ke amsa kiran masu ziyara. Fitattun manhajojin nan biyu, Apache da ta fito a 1995 da Nginx da ta fito a 2004, kyauta ake samun su, kuma ƙwararre kan ɗora su cikin 'yan mintuna. Dubawa ta fi haka sauƙi. Idan aka rubuta nginx -v, ko apache2 -v a kan Ubuntu, kwamfutar za ta nuna lambar samfurin da ke kanta, ko ta ce ba ta san zancen ba.

Wannan lamba tana da muhimmanci. A watan Oktoba na 2021 an gano ɓaraka a Apache 2.4.49 wadda ke bai wa ɓarayin intanet damar karanta fayilolin da ba nasu ba. Gyaran farko bai toshe ta duka ba, sai da aka fitar da 2.4.51. Ofishin da bai san samfurin da yake amfani da shi ba, yaya zai san ko takardun jama'a suna cikin haɗari?

Saboda haka, ya kai darakta, ya kai mataimaki na musamman, kafin a biya ɗan kwangila ka nemi abu uku: a nuna maka lambar samfurin a gaban idonka, a rubuta sunan jami'in da zai riƙa sabunta manhajar, sannan a sa wani a Mubi ya buɗe shafin da wayarsa. Gani ya kori ji. Idan shafin ya buɗe a can, sai ka sa hannu.