Makarantar Uwa: Kowace Fitina da Sunanta



Kwanakin baya wata ɗalibata ta Islamiyya ta kawo mini aikin gida na makarantar boko. An ce ta nemo ma'anar kalmar Turanci "turbulent" da takwarorinta. Na ce mata ana siffanta abin da ya ƙi kwanciya da ita, kamar kogin da ya cika yana tumbatsa, ko ƙasar da ta hargitse. Sai ta ce, "Malama, wato kamar garinmu Birnin Gwari?" Wallahi jikina ya yi sanyi.

Na zaunar da ita muka bi namu kalmomin. Hayaniya ta baki ce. Rikici ɓangarori biyu ke yin sa. Tarzoma ita ce jama'a su fito titi da jifa da ƙone-ƙone. Hargitsi da yamutsi, al'amura ne su cakuɗe. Tashin hankali har cikin zuciya yake shiga. Fitina kuwa Larabci ce, asalinta sanya zinare a wuta don a fitar da dattinsa, wato jarrabawa.

Me ya sa na damu? Domin kowane abu da sunansa. A watan Mayun 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Gwaska, suka kashe fiye da mutum 40. Sunan wannan kisan gilla. Abin da ya riƙa samun matafiya a hanyar Kaduna, ana shigar da su dajin Kamuku, sunansa fashi da garkuwa da mutane. Idan muka kira su "rikici" a gaban maraya, sai ya ɗauka mahaifinsa faɗa ya je yi, alhali zaluntarsa aka yi.

Haka kuma, uwargida, kada ki bari yaranki su mayar da sunan garinsu takwaran fitina. Ki ba su labarin gonakin masara da cikar kasuwanni. Ki gaya musu a watan Nuwamban 2024 an yi sulhu, har Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe. Kalmomin sulhu, aminci da kwanciyar hankali ma a bakinki za su fara jin su.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.