Rumbu Marar Kai ko Shiryayyen Tubali: A Kan Me Za a Gina Taskar Matanin Hausa?

Duk sashen nazarin Hausa da ya ƙuduri aniyar ɗora waƙoƙi, ƙamus ko tsofaffin rubuce-rubuce a intanet yakan ci karo da wata tambaya da ake bar wa masu kwamfuta, alhali ta malamai ce: a kan me za a gina taskar? Hanya ta farko ita ce manhajar adana bayanai da ake kira "marar kai", irin su Strapi da Contentful. Ita rumbu ce kawai. Tana ajiye matani, amma ba ta da fuskar da mai karatu ke gani, sai dai ta miƙa abin da ke cikinta ga duk shafi ko manhajar wayar da ta nema. Ta biyu kuwa shiryayyun tubalan gini ne, irin su Django da ya fito a 2005 da Laravel na 2011, inda magini ke ɗora rumbun da fuskar gaba ɗaya da hannunsa.

Masu fifita tubalan suna da hujja. Matanin Hausa yana da wuyar sha'ani wajen bincike: mai neman "ƙasa" yakan buga "kasa", Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, ga kuma alamun karin sauti da tsawon wasali a ƙamus. Gwanin Django zai warware waɗannan yadda yake so.

Sai dai gwani ba ya dawwama. Sau da yawa ɗalibi ne ko ɗan hidimar ƙasa, kuma ranar da ya tafi, sirrin ginin yakan tafi da shi. A nan ne rumbu marar kai ya yi zarra. A Strapi, malamin da ya sami ɗan horo zai iya tsara gurbin sunan mawallafi, da na mai kwafi, da na karin waƙa, ba tare da ya rubuta umarnin kwamfuta ba. Waƙa guda za ta zauna da siffarta ta ajami mai tafiya daga dama zuwa hagu, da ta boko a gefenta, sannan shafin intanet da manhajar waya su ɗebi wadda suke buƙata daga tushe ɗaya. Idan fuskar ta tsufa, kuma za ta tsufa, sai a sake ta ba tare da an taɓa matanin ba.

Wannan bai kawar da buƙatar magini ba, domin fuskar ba ta gina kanta, kuma matsalar binciken ƙ da k tana nan tana jira. Haka nan, ba duk marar kai ne ya dace da aljihun jami'a ba. Contentful a na'urorin kamfanin yake zaune, manyan tsare-tsarensa kuma da kuɗin waje ake biya. Strapi kuwa buɗaɗɗiyar manhaja ce da sashe zai iya ɗorawa a na'urar jami'arsa, ya riƙa kwafe bayanan duk ƙarshen zango.