Kada Ka Kwafi Umarnin da Ba Ka Gane Ba

A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ɗalibin da bai da kwamfuta yana iya saka Termux a wayarsa ta Android, ya jera umarni cikin fayil guda, waya ta riƙa adana masa kwafin furojet ɗinsa da kanta. Madalla! Amma 'yan uwana ɗalibai, kwafe shi ne ciwonmu. Sai mutum ya ɗauko umarnin wani daga intanet, ya liƙa bai karanta ba. Alhali layi ɗaya mai ɗauke da rm -rf ya isa ya share aikin shekara guda, ba kuma kwandon sharar da za a tono shi. Rubuta naka gajere, ka gwada a kan fayilolin banza tukuna. Rigakafi ya fi magani.