Rawar Murya Ba Shaida Ba Ce

A watan Agusta na 2018 aka fito da wani faifan murya da aka ce na Leah Sharibu ne, ɗaya daga cikin 'yan mata 110 da 'yan Boko Haram suka sace a Dapchi, garin da ke kan hanyar Gashuwa, ranar 19 ga Fabrairun shekarar. Fadar Shugaban Ƙasa ta ce jami'an tsaron farin kaya suna nazarin muryar. Wannan aiki ne na hankali, domin gwada sabuwar murya da wadda aka riga aka sani yana taimakawa wajen gane mai magana.

Amma akwai wani abu dabam da 'yan kasuwar ƙasashen waje suke tallarsa ga hukumomin tsaro, watau na'urar da suka ce tana gane maƙaryaci daga rawar muryarsa. A nan ne ya kamata a yi hattara. An gwada irin waɗannan na'urori a kan tsararru a Oklahoma ta Amurka. Aka tambaye su ko sun sha ƙwaya, aka kuma auna fitsarinsu, sai aka tarar hukuncin na'urorin bai fi canki-canka ba. Gwamnatin Ingila ma ta jarraba wata a kan masu neman tallafi, ta watsar da ita a 2010.

Dalilin a fili yake. Murya tana rawa don tsoro, ko yunwa, ko rashin barci, ba don ƙarya kaɗai ba. Mai fataucin bandar kifi daga Nguru, wanda aka tsare a Ikko ana yi masa tambayoyi da harshen da ba nasa ba, tilas muryarsa ta yi rawa. Wanda ya ƙware a ta'addanci kuwa yana iya amsawa hankali kwance.

'Yan Arewa mazauna Kudu ba su manta da Yunin 2014 ba, lokacin da sojoji suka tsare matafiya 486 a Jihar Abiya bisa zargi. Mutumin da zato ya riga ya hau kansa, na'ura mai kuskure ƙara masa nauyi za ta yi.

Saboda haka wajibi ne hukumomin tsaro su dogara ga shaidu da hujjojin da kotu za ta iya tantancewa. Sarakunan Hausawa na unguwannin Sabo kuma su dage a ba duk wanda aka kama lauya da tafinta tun kafin a fara yi masa tambaya.