A Kawo Mudun Awon Hayaniya

A shekarar 2020 gwamnatin Jihar Kano ta bayyana niyyarta ta ɗauke gidan namun daji na Audu Bako daga cikin gari ta mai da shi Tiga. Hujjar da aka kawo ita ce wai jama'a sun yi wa wurin zobe, hayaniya ta hana dabbobi sakat. Madalla da wannan tausayi! Amma in har kuwwar Titin Zoo ta isa ta dami zaki da jimina, ina labarin ɗan Adam ɗin da yake kwana yana tashi a bakin titin nan? Shi wace Tiga za a kai shi?

Abin da muke ƙi shi ne a riƙa tunawa da hayaniya sai ran da ake son fili. Ƙara kuwa abar aunawa ce kamar hatsi, mudunta shi ake kira desibel. Sai dai awon nata yana da wata dabara: in aka ƙara desibel 10, ƙarfin sautin ya ninka sau goma, kunne kuma yakan ji kamar ya ninka biyu. Watau tsakanin 55 da 75 akwai ninki ɗari. Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ƙarar da ta kai desibel 55 a waje da rana tana takura wa mutane ƙwarai, ta kuma ce kada ta wuce 35 a cikin aji. Wanda ya dinga wuni awa takwas cikin desibel 85, jinsa yana cikin haɗari. Yanzu ku kwatanta da injin janareto, da oda ta A Daidaita Sahu, da lasifikar mai tallar maganin basir, duka a wuri guda.

Kada wani ya ce babu doka. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin hana hayaniya tun 2009. To, a nuna mana allo guda a ƙofar Filin Sukuwa da aka rubuta awon ƙarar wurin a jikinsa. Alhali kuwa in kantuna za a yanka, nan da nan ma'auna za su bayyana da igiyarsu, ba a kuskure ko taƙi ɗaya. Mun ga yadda kantuna suka cinye gefen Filin Idi, muka ga rusau na 2023. An yi ta gardamar kuɗi da takardu, amma natsuwar da wurin yake bai wa mutanen gari ba ta shiga lissafi ba.

A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar 2002 ta wajabta wa manyan birane su zana taswirar hayaniyarsu duk shekara biyar, su kuma kare wuraren da ke da shiru. Masana a Jami'ar Bradford ta Ingila sun ƙara da wani ma'auni na natsuwa daga 0 zuwa 10, wanda yake haɗa ƙarar da kunne ke ji da yawan itatuwa da ciyayi da ruwan da ido ke gani. Dalilinsu a fili yake: na'ura ba ta bambance kukan kurciya da na babur, amma zuciya tana bambancewa. Saboda haka wanda ya sare darbejiya ya zuba siminti ya rage natsuwar wuri ko da ƙarar ba ta ƙaru ba.

Mun san masu cewa wannan duk shagwaɓar Turawa ce, mu mun saba. Sabo turken wawa. Kuma masu faɗin haka galibi a Nasarawa suke kwana, bayan doguwar katanga da inuwar itatuwa. Sun sayi nasu shirun da kuɗi. Ɗalibin da suke su shida a ɗaki, da ƙaramin akawun da yake haya a Kurna ko Birged, su ba su da inda za su zauna su ji tunanin kansu sai filin jama'a. In an sayar da shi, ko aka bar shi ya zama tasha, haƙƙinsu aka ci.

Don haka muna kira ga hukumar tsara birni da ma'aikatar muhalli su haɗa kai da sassan kimiyya da labarin ƙasa na jami'o'inmu, a auna kowane fili da ya rage: da asuba, da azahar, da bayan isha, rani da damina. A ƙidaya itatuwansa, a kafe sakamakon a ƙofarsa da Hausa. Ɗalibai suna nan, aikin kuma ya isa kundin kammala digiri. Ku kuma matasan ma'aikata da fayilolin filaye ke ratsa teburanku, kafin ku tura takardar yanka wani fili gaba, ku rubuta a gefenta cewa a kawo awon ƙararsa tukuna.