Kayan jirgi da sunayen itatuwa: abin da ya ciyar da iyalin Robinson na Suwis

A shekarar 1812 aka buga wani littafi da Jamusanci a birnin Zurich mai suna Der schweizerische Robinson. Wanda ya tsara labarin, Johann David Wyss, limamin coci ne a birnin Bern, kuma ƴaƴansa maza huɗu ya yi wa shi domin ya koya musu tarbiyya da sanin halittu cikin hira. Ɗaya daga cikinsu, Johann Rudolf Wyss, shi ya gyara rubutun ya kai shi maɗaba'a. Labarin sananne ne: guguwa ta maka jirgin ruwa a kan duwatsu, matuƙa suka tsere a kwale-kwale suka bar wani mutum da matarsa da ƴaƴansu huɗu, Fritz da Ernst da Jack da Franz. Iyalin suka tsallaka zuwa wani tsibiri da babu kowa, suka shekara goma a ciki suna noma, suna kiwo, suna gini. Tun daga lokacin ake kafa misali da littafin duk sa'ad da ake son nuna wa yara cewa iyali mai haɗin kai da himma ba ya bukatar kowa.

Wanda ya karanta littafin a natse zai ga wannan darasi bai tsaya da ƙafafunsa ba. Abin da ya rayar da mutanen nan shida gādo ne iri biyu: kayan da wasu suka ƙera, da kalmomin da wasu suka tara.

A fara da kayan. Jirgin da ya farfashe an loda masa guzurin kafa sabon mazauni ne a wata ƙasa mai nisa, saboda haka cikinsa tamkar ƙaramin gari yake. Akwai saniya da jaki da tumaki da awaki da alade da kaji, akwai bindigogi da albarushi, gatura da zarto da ƙusoshi, irin shuka, dashen itatuwan Turai, yadin filafilai, har da wani ƙaramin jirgi a wargaje wanda ke jiran a harhaɗa shi. Ko abin da suka hau suka isa gaɓa, ganguna ne na jirgin suka yanka biyu-biyu suka ƙulle da katako. Babi bayan babi uban da manyan ƴaƴan suna komawa suna kwaso kaya, sai da suka tatse jirgin sarai sannan suka tarwatsa gangar jikinsa da albarushi, igiyar ruwa ta kawo musu katakon bakin gaɓa. Kowace ƙusa da aka buga a gidan da suka ɗora bisa itace maƙeri ne ya ƙera ta a Turai, kuma sunansa bai fito a littafin ba. Karl Marx ya riga ya yi wa Robinson na farko, wato na Daniel Defoe na 1719, irin wannan shaguɓe a littafinsa na 1867, inda ya lura cewa mutumin ya ceto agogo da littafin lissafi da alƙalami da tawada daga jirgi, ya zauna yana ƙididdiga kamar kowane ɗan kasuwar Ingila. Iyalin Wyss sun fi Crusoe samun ganima nesa ba kusa ba.

Ba a ce ba su yi aiki ba. Sun yi, kuma wurin da littafin ya fi daɗi ke nan: yadda suka gina gada, yadda suka sassaƙa matakala a cikin kututturen itacen da suke kwana a kai, yadda suka yi kyandir da kakin wasu ƴaƴan itace, suka yi takalma da ƙaron roba. Amma mai neman misalin mutumin da ya fara daga hannu wofi sai ya duba littafin Joachim Heinrich Campe na 1779, wanda da gangan ya jefa Robinson ɗinsa a tsibiri ba tare da kayan aiki ba. Wyss bai ɗauki wannan hanya ba, domin shi abin da yake so ya koya wa ƴaƴansa shi ne yadda ake sarrafa abin da aka gāda.

Gādo na biyu shi ya fi shafar ɗalibin ilimin harsuna. Uban, wanda shi ke ba da labarin da bakinsa, da wuya ya ci karo da tsiro ko dabba bai san sunanta ba. Yaro zai kawo saiwa ko ganye, uban ya juya shi a hannu, ya tuno abin da ya karanta a littattafan matafiya, ya faɗi suna, sunan kuma ya zo da amfaninsa a goye. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne rogo. Da suka same shi, uban ya san wani irinsa yana da dafi, ya kuma san yadda mazauna ƙasashe masu zafi ke raba shi da dafin: a goge shi, a zuba a buhu, a danne da nauyi har ruwan ya tsiyaye, sannan a gasa garin. Duk da haka sai da ya ba kaji da birinsu suka ɗanɗana kafin ya yarda iyalinsa su ci. Wannan dabara ba a tsaunukan Suwis aka gano ta ba. Mutanen asali na Kudancin Amurka ne suka gano ta tun ƙarnoni kafin Turawa su taka can, ta bi bakin matafiya ta shiga takarda, ta shiga kan limamin Bern. Da sunan bai iso masa tare da hanyar sarrafawar ba, da saiwar nan ajali ce.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. A shekarar yunwa ta 2005 gidaje da dama a kudancin Nijar sun koma ga anza, wadda ƴaƴanta ba su ciyuwa sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Tafasa da yaɗiya da jiga da aduwa duk kowace tana da lokacinta da hanyar girkinta, kuma wannan sani a bakin tsofaffin mata yake ajiye, cikin kalmomi. Ranar da yaro ya tashi bai san bambancin waɗannan sunaye ba, daji ya koma masa kore kawai. Saboda haka tattara sunayen tsirrai da ake tura ɗalibai yi a ƙauyuka aiki ne da ya wuce cika ƙamus.

Akwai wani babi da ya kamata a riƙa karantawa a ajin nazarin sunayen wurare. Iyalin suna zaune suna cin abinci, uban ya kawo shawarar a raɗa wa wuraren tsibirin suna, domin sun gaji da kwatance mai tsawo duk lokacin da za su ambaci wani wuri. Jack, wanda shi ne mai rawar kai a cikinsu, ya nemi a ƙirƙiro sunaye masu wuyar faɗa, don a rama wahalar da ya sha wajen haddace irin su Monomotapa da Koromandel a darasin labarin ƙasa. Uban ya nuna masa cewa su ne za su fara shan wahalar, aka tsaya kan harshensu na gida. Sai ga Zeltheim, gidan tanti, inda suka fara sauka. Ga Falkenhorst, sheƙar shaho, gidan bisa itace. Daga baya ga Felsenheim, gidan dutse, kogon da suka fasa suka tarar cike da gishiri. Duk haɗaɗɗun kalmomi ne irin na Jamusanci, inda jigon kalma ke zuwa a ƙarshe, saɓanin Hausa da ke gabatar da shi ta liƙa masa harafin mallaka. Wurin yana da ban sha'awa, amma akwai abin da ya sa ya zo da sauƙi haka: marubucin ya share tsibirin, bai bar ko mutum ɗaya da zai ce wannan kogi yana da suna tun kafin ku zo ba. A duniyar gaske masu raɗa irin waɗannan sunaye sun tarar da mutane, shi ya sa birnin da aka kira Fort-Lamy ya koma Njamena a 1973.

Haka marubucin ya yi da dabbobi, sai dai a nan cikawa ya yi maimakon sharewa. Tsibiri ɗaya ya haɗa jimina da zaki da giwa da dila da kangaru da tsuntsun fengwin, abin da babu shi a ko'ina a bayan ƙasa. Masu suka sun daɗe suna dariyar wannan. Amma idan aka tuna cewa littafin darasi ne, abin ya daina ba da mamaki: tsibirin kundin sani ne aka shimfiɗa aka zagaye da ruwa, kowace dabba shafi ce da ake son yaro ya buɗe.

Ita kuwa uwar, labarin ya rage mata haƙƙi. Ita ta gano babban itacen da suka koma, ita ta yi lambu, ita ta taho da wata jaka da ta cusa wa allura da zare da irin shuka da sauran ƙananan abubuwan da mazan ba su tuna da su ba, har yaran suna ɗaukar jakar kamar ta tsafi. Amma da yake alƙalami a hannun miji yake, harbin dabba kan ci shafuka, girkin shekara goma kuwa layi biyu.

Littafin kansa ma bai rayu da ƙarfin marubucinsa shi kaɗai ba. Isabelle de Montolieu ta mayar da shi Faransanci a 1814, daga baya ta ƙara masa ci gaba na ƙashin kanta. An yi ta fassara shi zuwa Ingilishi ana ragewa ana ƙarawa, har fassarar William Kingston ta 1879 ta zama wadda aka fi sani. Jules Verne ya rubuta masa ci gaba a 1900, kamfanin Disney ya yi fim ɗinsa a 1960 ya cusa ƴan fashin teku. Hatta sunan da aka san iyalin da shi kuskuren fahimta ne. A Jamusancin wancan zamani kalmar Robinson ta riga ta tashi daga sunan mutum ta zama sunan nau'in labari, wato labarin wanda teku ta yasar, don haka taken yana nufin irin wannan labari na ƴan Suwis. Taken Ingilishi ne ya sa ake zaton sunan zuriyarsu ke nan.

Babbar shaida a kan iyakar dogaro da kai tana ƙarshen labarin. Rumbuna sun cika, garke ya yaɗu, amma samari huɗu sun girma babu wadda za su aura, kuma iyayen sun fara tunanin wanda zai binne na ƙarshe a cikinsu. Tun da wuri, da suka sami littattafai a cikin kayan jirgi, suka raba wa junansu harsuna a lokacin damina: wasu Ingilishi, uwar Holanci, Jack Sifaniyanci, uban kuwa Malayanci, don yana zaton masu wannan harshe ne za su fara biyowa ta wurin. Mutanen da suka yanke ƙauna da jama'a ba su zama koyon nahawun baƙi. Ingilishin ne ya yi rana sa'ad da Fritz ya gano Jenny, wata budurwa ƴar Ingila da teku ta yasar a wani gefen, sannan da jirgin Ingila ya ɓullo bayan shekara goma. Fritz da Franz suka bi jirgin zuwa Turai tare da ita, Ernst da Jack suka zauna da iyayensu, uban kuma ya miƙa wa masu tafiya rubutun da ya yi ta tarawa domin a kai shi inda za a karanta.