Ɗaure Fuska Ba Kwarjini Ba Ne

Mu da muka karanta kimiyyar kwamfuta ma ba mu tsira ba. Bautar ƙasa ta zo, mako 3 a sansani, sai ga mu a gaban allo da alli a hannu. Nasihar farko da tsofaffin malamai suka yi mana ita ce: "Kofa, ɗaure fuska, ka riƙe dorina, in ba haka ba yaran nan za su raina ka."

Mun bi, mun kuma ga sakamakon. Aji ya yi tsit, ba mai tambaya. Yaro ya kwafi abin da ke allo, ko kuskure ne, ya haddace, ya juye a jarrabawa. Alhali mu da muke cin abinci da rubuta manhaja mun sani, ba wanda ya iya sana'ar nan sai da ya yi kuskure ba adadi, ya gano, ya gyara. Yaron da ke tsoron kuskure yaushe zai koya?

Ba cewa muke malami ya zama abokin wasa ba. Wanda ke hira da 'yan ajinsa a WhatsApp da tsakar dare, shi ya zubar da girmansa da hannunsa. Girman malami yana cikin zuwa kan lokaci, shirya darasi, duba aikin gida, da hukunci iri ɗaya ga ɗan shugaban makaranta da ɗan maigadi. Mai yin haka ko ya yi raha da yara, ba mai raina shi.

Ku daina miƙa wa sabon malami dorina. Ku zauna a bayan ajinsa, ku saurari darasinsa, ku gyara masa.